Jarumtaka ko Riƙon Amana: Tarken Littattafan Yara Biyu kan Ƙuntata wa Yahudu, da Tambayar Wanda Ya Dace da Ɗalibin Dakoro

1. Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kukan malamai bai sake ba: yaro ya iya karatu, amma in ya rufe littafin aji babu abin da zai buɗe. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a lakwal. Kundin sake gina ƙasa na ranar 26 ga Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi game da wannan mataki, ya ƙara wa maganar fassara nauyi, domin ba a cika akwatin littattafai da doka. Sai an zaɓi abin da za a fassara, zaɓen kuwa aikin tarke ne.

A wannan maƙala za mu dubi reshe guda na adabin yara da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, wato ƙagaggen labarin tarihi mai jigon ƙarfin hali a lokacin da gwamnatin Hitila da masu taya ta suka shiga farautar Yahudu. Za mu tsaya a kan littattafai biyu: Un sac de billes na Joseph Joffo (1973), da Number the Stars na Lois Lowry (1989), wanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan Compte les étoiles. Mai karatun da muka sa a gaba shi ne ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sha uku, a CM2 ko ajin farko na kwaleji, a Dakoro. Mun zaɓi Dakoro ne saboda gari ne na bakin iyakar noma da kiwo, kusa da kwarin Tarka, inda Bahaushe da Bafillace da Ba'abzine suke haɗuwa a kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya. Yaron irin wannan wuri ya san maƙwabcin da ba harshensu ɗaya ba tun kafin ya san a, ba, ca.

Abin da muke son nunawa shi ne, littafin da ya fi sauƙin shiga Hausa cikin biyun, wato na Lowry, shi ne kuma wanda ya fi bukatar a yi masa rakiya, kuma kalmar «jarumtaka» da mai fassara zai fara kai hannu gare ta ba ita ce ta dace da abin da littattafan suke nunawa ba.

2. Littattafan a taƙaice

Labarin Lowry yana gudana a Kofanhagen, babban birnin Danmak, a kakar 1943. Tauraruwarsa Annemarie Johansen ce, ƴar shekara goma, ƙawar Ellen Rosen, Bayahudiya maƙwabciyarsu. Da labari ya zo cewa Jamusawa za su kwashe Yahudu, sai iyayen Annemarie suka karɓi Ellen a matsayin ƴarsu Lise da ta rasu. Daga nan aka tafi da ita Gilleleje, garin masunta, wurin kawun Annemarie mai suna Henrik, wanda ya ƙetarar da iyalin Rosen zuwa Suwidin a ƙarƙashin dakalin jirginsa. Littafin ya sami lambar Newbery a 1990.

Na Joffo kuwa labarin kansa ne ya mayar ƙagagge. Joseph ɗan shekara goma da wansa Maurice ɗan sha biyu, ƴaƴan wani mai aski a Paris, ubansu ya sallame su su kaɗai su tsallake iyakar da ta raba Faransa biyu. Suka bi ta Dax da Hagetmau, suka kai Menton da Nice, suka faɗa hannun ƴan Gestapo a otel ɗin Excelsior, suka kuɓuta. Yaƙi ya ƙare, iyali suka taru a shagon aski, ban da uban, wanda aka kwasa zuwa Auschwitz.

3. Wace irin jarumtaka?

Jarumi a adabin Hausa sananne ne. Shi ne Gandoki na Muhammadu Bello Kagara (1934), mai takobi da kirari, wanda ba ya ja da baya. Shi ne barden da maroƙa ke wasawa, kuma a wannan gefen iyaka shi ne Sarauniya Mangu ta Lugu kamar yadda Abdoulaye Mamani ya zana ta a 1980, tana tsaye gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Kalmomin da ke kewaye da wannan hali duk suna nuni ga fili da idon jama'a: bajinta, mazakuta, sadaukantaka, namijin ƙoƙari. Jarumi yana so a gan shi. In ba a gani ba, wa zai yi kirarin?

To, mu dubi abin da Annemarie ta yi. Da sojoji suka buga ƙofa da tsakar dare, ta fizge sarƙar wuyan Ellen mai alamar tauraron Dauda ta dunƙule a hannu. Da aka shirya zaman makokin ƙarya, da akwatin gawa cike da tufafi da barguna, ta tabbatar wa hafsan Jamus cewa wata kakarta ce ta rasu, alhali ta san babu wannan kaka a danginsu. A babban tashin hankalin littafin, uwarta ta karye a ƙafa, sai ta ɗauki kwando da burodi da cuku da tuffa, da wani ƙunshi a ƙasa wanda ba ta san abin da ke ciki ba, ta bi daji da asuba zuwa bakin ruwa. Da ta gamu da sojoji huɗu da karnuka biyu, makaminta shi ne ta yi kamar ƙanwarta Kirsti, sakarar yarinya mai surutu da kuka. Sojojin suka buɗe ƙunshin, suka ga hankici, suka yi mata dariya suka wuce. Sai daga baya kawunta ya gaya mata an sa wa hankicin wani magani mai kashe hancin kare na ɗan lokaci.

Duk wannan aiki ne na ɓoyewa, da yin shiru, da ƙanƙantar da kai. Idan mai fassara ya kira shi jarumtaka, yaron Dakoro zai jira takobi, ba zai gan shi ba, ya ce labarin ba shi da armashi. Amma akwai wurin da labarin zai zauna daram a tunaninsa. Yarinya da kwando a hanya da sassafe, an aike ta kai abinci, hoto ne da yake gani kullum da damina, lokacin da ake kai fura gona. Kuma ya san ɗan aike yana ɗauke da abin da ba a gaya masa ba, ba ya buɗewa, ba ya tambaya, yana kaiwa. Sunan wannan hali riƙon amana. Abin lura ne cewa a cikin halaye goma da Kirk-Greene (1974) ya tattara na mutumin kirki a wurin Bahaushe, wato gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci, babu jarumtaka. Amana da karamci suna nan, kuma da su biyun ne gidan Johansen ya tsirar da Ellen. Mai cewa baƙonka annabinka ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane dalilin da ya sa ba a miƙa baƙo ga mai neman ransa.

Saboda haka muna ganin «ƙarfin hali» ya fi dacewa a inda Lowry take maganar tsoro da danne shi, «riƙon amana» kuma a inda take maganar dalilin dannewar. A ajiye «jarumtaka» ga Peter, saurayin marigayiya Lise, ɗan gwagwarmayar ɓoye da Jamusawa suka harbe a ƙarshen littafin. Ko shi ma da ƙyar.

Sai dai jerin Kirk-Greene ya fara da gaskiya, kuma a nan ne littattafan biyu suke taka wurin da malamin aji zai ji zafi. Dukkansu makarantar ƙarya ce. A wurin Lowry manya suna yi wa yarinya ƙarya, kawunta kuma ya ba ta hujja cewa wanda bai san komai da komai ba ya fi samun sauƙin daurewa. A wurin Joffo abin ya fi tsanani. Daren da za su tafi, uban ya tambayi Joseph ko shi Bayahude ne, yaron ya musa, uban ya kwaɗa masa mari ya sake tambaya, don ya gwada ko zai tsaya a kan musun. Uba ne ke koya wa ɗansa ya ƙaryata asalinsa, da mari, saboda ƙauna. A ganinmu wannan shi ne shafi mafi ƙarfi a cikin littattafan biyu, kuma duk fassarar da ta sassauta shi don kada a ɓata tarbiyya ta zubar da littafin. Tarbiyyar ma ba ta rasa wurin ajiye shi ba. Malaman fiƙihu, irin su Gazali a cikin Ihya'u, sun yi bayanin cewa ƙarya tana zama wajibi idan da ita ce kaɗai za a tsare jinin wanda azzalumi ke nema. Misalin da suka bayar na Musulmi ne da ya ɓuya. Abin da labarin Danmak yake nema ga mai karatu shi ne ya miƙa wannan hukunci ga maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba, kuma wannan tambaya ce da ta isa darasi guda cur.

Akwai wani ɗan wuri a Joffo da zai taɓa yaron Hausa fiye da yadda yake taɓa ɗan Faransa. A otel ɗin Excelsior, da yaran suka dage cewa su Katolika ne daga Aljeriya, sai aka kai su gaban likita ya duba ko an yi musu kaciya. Alamar da kowane ɗa namiji a ajin Dakoro yake ɗauke da ita, wadda aka yi masa shagali a kanta, ita ce a can take kai mutum ga halaka. Likitan ya rufa musu asiri, wani limamin coci na unguwar Buffa kuma ya kawo takardun batisma. Ba mu san wata hanya da ta fi wannan saurin sa yaro ya ji a jikinsa abin da ake nufi da a farauci mutum saboda haihuwarsa ba.

4. Abin da aka bari a Gilleleje

Lowry gwana ce wajen zubi. Babi gajeru, kowanne ya ƙare da abin da zai sa a buɗe na gaba, kuma da gangan ta ɗora tafiyar Annemarie a daji a kan tatsuniyar Turai ta yarinya mai jan mayafi da kyarkeci, har yarinyar tana ba kanta tatsuniyar tana tafe. Wannan ne ya sa muka ce littafin zai shiga Hausa ba wuya. Ƙaramin da ya rinjayi babba da wayo, ai Gizo ne gaban kura. Sauƙin kuwa shi ne abin tsoron. Tatsuniya tana da ƙofar fita: in an ce ƙurunƙus, mai bayarwa ya amsa cewa ƙarya ya shirga, yara su watse su kwanta. Ƙagaggen labarin tarihi ba shi da ƙurunƙus. Yaro yana rufe littafin da imanin cewa haka abin ya faru, kuma abin da ya ɗauka daga littafi ɗaya shi zai zama masa dukan tarihin.

To me zai ɗauka? Cewa an so a kashe Yahudu, mutanen kirki suka tashi, aka tsirar da su. A Danmak kusan haka ne. Wani jami'in Jamus, Georg Duckwitz, ya tsegunta ranar kamen, limamin Yahudu Marcus Melchior ya sanar da jama'arsa ranar 29 ga Satumba 1943, kuma cikin makonni kaɗan aka ƙetarar da Yahudu kimanin 7,200 zuwa Suwidin. Waɗanda aka kama aka kai sansanin Theresienstadt ba su kai 500 ba, akasarinsu kuma sun dawo. Amma Danmak togaciya ce. Yahudunta kaɗan ne, mashigin ruwan da ke tsakaninta da Suwidin a wani wurin bai wuce kilomita huɗu ba, Suwidin ta yi shelar za ta karɓe su, kuma hukumomin Jamus na wurin ba su tsananta sintiri a teku ba. A sauran Turai an kashe Yahudu kimanin miliyan shida, cikinsu yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Wanda ya san Ellen kaɗai bai san abin da ya sami sa'o'inta ba.

Ko a cikin Danmak ɗin, littafin ya share wasu abubuwa. Kawu Henrik ba ya karɓar ko sisi, alhali masunta da yawa sun karɓi kuɗi, abin da aka fi ambata shi ne wajen kurona dubu a kan mutum guda, har sai da ƙungiyoyin ɓoye suka riƙa tara kuɗi don marasa hali. Ba laifi muke ɗora wa masuntan ba, tun da jirginsu da ransu suka sa a caca. Muna cewa ne Joffo ya fi gaskiya a nan, domin a wurinsa tsallake iyaka sana'a ce mai farashi, har Maurice da kansa, bayan an ƙetarar da su a Hagetmau, ya koma ya kwana yana ƙetarar da wasu don ya sami guzuri. Yaron da ya tashi a jihar Maraɗi, inda kowa ya san abin da ake nufi da ɗan fito da ƴan sumoga a kan iyakar Nijeriya, zai gane Maurice nan take, kuma ba zai raina shi ba.

Abu na biyu ya fi nauyi. A wannan Gilleleje ɗin da Lowry ta zaɓa, a daren 6 ga Oktoba 1943, ƴan Gestapo sun kama Yahudu wajen 80 da suka ɓuya a saman rufin cocin garin suna jiran jirgi. Labarin bai bi ta kansu ba. Marubuciya tana da ikon zaɓen abin da za ta nuna wa ɗan shekara goma, kuma bayanin da ta sa a ƙarshen littafin, inda ta rarrabe abin da ta ƙaga da abin da ya faru, abin koyi ne. Amma yaron Amurka da ta rubuta wa yana da wasu littattafan, da gidajen tarihi, da darasin aji da za su cike masa giɓin. Na Dakoro mai yiwuwa wannan ne kaɗai zai taɓa karantawa a kan lamarin.

Joffo ma ba a rasa abin gyara a wurinsa ba. Ya buɗe labarinsa a 1941 da ɗinka tauraro rawaya a rigar yara, wanda Joseph ya musanya da jakar duwatsun wasa da ta ba littafin suna, alhali dokar sa tauraron a yankin da Jamus ta mamaye ta fara aiki ne ranar 7 ga Yuni 1942. Tuntuɓen tunawa ne na mutumin da ya rubuta bayan shekara talatin, layi ɗaya a ƙasan shafi ya isa. Wannan daban yake da irin na John Boyne a Le Garçon en pyjama rayé (2006), inda ɗan kwamandan Auschwitz yake zama hira da yaron sansani ta bakin waya har ya shiga ciki. Gidan tarihin Auschwitz da kansa ya gargaɗi masu koyar da tarihi a 2020 da su kauce wa littafin. Ba mu ga dalilin ɓata takarda a fassara shi ba. Wanda ya cancanci a tuna da shi shi ne Mon ami Frédéric na Hans Peter Richter (1961), domin shi labarin rashin ƙarfin hali ne: mai ba da labarin yana son abokinsa, amma ya shiga ƙungiyar yaran Hitila, ya sa hannu a fashe-fashen 1938, kuma yana cikin ramin fakewa daga bama-bamai lokacin da aka kori Frédéric waje ya mutu.

5. Ba labarin nesa ba ne

Za a iya cewa, me ya haɗa ɗan Dakoro da wannan duka? Amsar tana cikin Joffo, ba ta cikin Lowry. A Danmak mugu baƙo ne mai baƙin harshe, ƴan ƙasa kuma duk hannunsu ɗaya. A Faransa gwamnatin ƙasar ce, ta Mareshal Pétain a Vichy, ta kafa dokar ware Yahudu ranar 3 ga Oktoba 1940 ba tare da Jamus ta tilasta mata ba. Ƴan sandan Faransa ne suka kama mutum 13,152 a Paris da kewaye ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942, cikinsu yara 4,115. Daga Faransa an kwashi Yahudu kimanin 76,000, waɗanda suka dawo kaɗan ne ƙwarai. Sai a 1995 shugaba Jacques Chirac ya amsa alhakin hukumar Faransa a fili.

Wannan gwamnati ita ce ta mulki Nijar daga 1940 zuwa Nuwamba 1942. Gwamna janar Pierre Boisson a Dakar ya tsaya bayan Pétain, ya kori jiragen De Gaulle da na Ingila a Satumba 1940, a daidai lokacin da Félix Éboué ya riga ya kai Cadi ɗaya ɓangaren. Ruth Ginio (2006) ta nuna cewa an zartar da dokokin ware Yahudu a Afirka ta Yamma ta Faransa, duk da cewa Yahudun yankin ƴan ƙalilan ne, an ƙidaya su, an sallami wasu daga aiki. Haka kuma a Maris 1941 Vichy ta kafa dokar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai suna Méditerranée-Niger, wadda aka tsara ta taso daga Bou Arfa ta ratsa Sahara, reshe ɗaya ya nufi Segu, ɗaya ya nufi Yamai. Waɗanda aka sa fasa dutse a sansanonin Bou Arfa da Berguent da Kenadsa sun haɗa da Yahudun da suka gudo daga Turai da ƴan gudun hijirar Sifen. Hanyar ba ta taɓa isowa ba, amma sunan kogin ƙasarmu yana kanta.

Barikin Dakoro an kafa shi ne a 1947, bayan yaƙin, shekara guda bayan dokar Houphouët-Boigny ta Afrilu 1946 da ta soke aikin tilas. Kakannin ɗalibanmu na wannan yanki sun san kumandan da dogarai da ɗibar mutane a shekarun Pétain. Muna jan hankali a nan: aikin tilas na mulkin mallaka da kisan ƙare dangi na Auschwitz ba abu ɗaya ba ne, kuma malamin da ya haɗe su ya zalunci duka biyun. Abin da muke cewa ya fi wannan ƙanƙanta. Hannun da ya sa hannu a takardar da ta kori mai askin Paris daga zama ɗan ƙasa sosai, shi ne yake sa hannu a takardun da ke zuwa Maraɗi. Yaro yana da haƙƙin ya san haka.

Tambayar wa zai ɓoye maƙwabcinsa ma ba baƙuwa ba ce a jihar. A Oktoba 1991, a Toda ta yankin Gidan Rumji, an kashe Fulani fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya. Ba gwamnati ce ta shirya shi ba, ba kuma irin abin da Joffo ya tsere wa ba ne. Amma malamin da zai karanta wa aji mai ƴaƴan manoma da ƴaƴan makiyaya labarin Annemarie da Ellen ya san cewa wasu yaran ba Danmak za su tuna ba.

6. Kalmar «Bayahude»

Mafi wuyar kalma a fassarar ita ce wadda ake ganin ba ta bukatar fassara. A bakin Bahaushe na yau da kullum, «Bayahude» ba sunan wata al'umma kaɗai ba ne. Ana jifan mai makirci da mai rowa da shi, ana cewa yahudanci ga ha'inci, kuma an daɗe ana kiran ɗan boko da shi. Labaran Falasɗinu da rediyo ke kawowa kullum sun ƙara wa kalmar wani nauyin. Yaro zai zo wa shafin farko da wannan kaya a ka. Idan mai fassara ya yi kamar bai sani ba, wani a bayan aji zai ce ai maganinsu ke nan, kuma littafin ya mutu a nan.

Kauce wa kalmar ba mafita ba ce, domin kalmar ita ce laifin da aka kashe mutane a kansa. Muna ganin a bar ta a inda take, a bar labarin ya yi aikinsa, tun da Ellen da Joseph yara ne masu tsere da faɗa da jin yunwa, a kuma faɗi a gabatarwa cewa abin ya faru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma yaron da aka kama a Paris a 1942 bai ƙwace gonar kowa ba. Tarihinmu ma yana da abin faɗa. Shaihu Magili, wanda ya zauna Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasihar mulki, shi ne kuma ya tayar da jama'a a kan Yahudun Tuwat wajen 1492, aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit. Hunwick (2006) ya nuna cewa alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi bin sa, ya tsaya a kan cewa Yahudun suna da alkawarin amana. Ɗalibanmu na jami'a sun san sunan Magili. Kaɗan ne suka san na alƙalin.

Sauran kalmomin sun fi sauƙi amma suna da tarko. «Hijira» ta dace da ƙetarawa zuwa Suwidin, kuma kalma ce mai daraja a ƙasar da Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tibiri, bayan an kore su daga biranensu. Ba ta dace da déportation ba ko kaɗan. Mai hijira da ƙafarsa ya tafi, yana da inda ya nufa. Uban Joseph kwasar sa aka yi, kalmar da ake yi wa kaya da dabbobi, kuma ita ce daidai.

7. Wanne za a fara da shi?

Adabin Hausa ya riga ya gwada labarin tarihi mai yaro a tsakiya wanda bai ƙare da daɗi ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), an sace yaro, uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ta ratsa Sahara, ta gan shi ta rasu. An karanta shi a makarantu shekara da shekaru, ba a ce ya fi ƙarfin yara ba. Saboda haka hujjar cewa sai labari mai kyakkyawan ƙarshe yaranmu za su iya ɗauka ba ta da tushe.

Shawararmu ita ce a fassara biyun, Lowry ga CM2, Joffo ga kwaleji, kuma idan kuɗin bugu bai kai ga biyu ba a ɗauki Joffo, duk da ya fi tsawo kuma Faransancinsa na titin Paris zai wahalar da mai fassara. Ƙarshensa ya ƙunshi abin da Lowry ba ta da shi: Joseph ya yi aiki a shagon wani mai sayar da littattafai, mabiyin Pétain mai zagin Yahudu a gaban yaron bai san ko shi wane ne ba, kuma ranar da aka ƙwato garin, da jama'a suka zo ɗaukar fansa, yaron ya tsaya ya ce shi Bayahude ne, mutumin nan ne ya ɓoye shi. Karo na farko ke nan da ya faɗi asalinsa a fili tun daren marin, kuma ya haɗa shi da wata sabuwar ƙarya don ya tsirar da maƙiyinsa.

Idan kuwa Lowry aka fara bugawa, to kada ta fita ita kaɗai. A ƙara mata shafi uku ko huɗu na mai fassara bayan nata bayanin, da Hausa mai sauƙi, masu ɗauke da adadin yaran da aka kashe a Turai, da labarin mutum 80 na rufin cocin Gilleleje, da taswira guda mai nuna Kofanhagen da Paris da Vichy da Dakar, da layin da aka ja daga Bou Arfa zuwa Yamai.